Bututun da Ya Kama Rawa

Har yau wata rana ta cikin watan Agusta ba ta fita daga raina ba, lokacin ina babban mai haɗa bututu a sashen ruwa, wajen Gezawa. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan, ku saurara da kyau.

Akwai wani ƙauye a hayin rafi da muke tura wa ruwan sha daga rijiyar burtsatse ta wannan gefen. Bututun ƙarfe ne ya ratsa rafin a kan ginshiƙai. Da rani yana sama da yashi, da damina ruwa ya shanye shi. In ya karye, mutanen ƙauyen sai kududdufi, ga shi a lokacin ana fama da amai da gudawa a maƙwabta.

Da hantsi mai unguwarsu, Malam Sule, ya kira ni a waya ya ce bututu yana rawa. Na gaya wa shugabana, Injiniya Bala, mutum mai son zolaya. Ya ce, "Malam Habu, wa yake masa kiɗa?" Amma bai gama dariya ba ya ɗauki makullin mota.

Da muka isa, na shiga ruwa iya gwiwa na dafa ƙarfen. Karkarwar ta hau min har kafaɗa, kuma wajen walda ya fara tsagewa.

Injiniya ya yi mana bayani. Ruwa in ya bugi abu mulmulalle kamar bututu, rabewa yake yi, ya riƙa murɗawa a bayansa, sama da ƙasa, bi da bi, kowace murɗawa tana fizgar ƙarfen. Haka karan dawa yake kaɗawa in ka kafa shi a rafi. Shi ya sa ake nannaɗe irin wannan bututu da igiya mai kauri a karkace, don ta rikita wa ruwan tafiya. Sai ya dubi bututun ya ce, "To, ina igiyar?"

Malam Sule ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mu muka kwance ta. Gayya muka yi kafin ruwa ya sauka. Mun ga tana tara ciyawa da leda, muka ce kayan gwamnati ne, kada a ce ba ma kula."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma da na ga yadda dattijon ya sunkuyar da kai, sai na haɗiye maganata.

Injiniya ya ce a jira rafi ya janye. Na ce, "Yallaɓai, ba zai kai ba. Yau zan mayar masa da igiyarsa." Ya yarda, amma da sharaɗin a ɗaure ni a ƙugu.

Aka sayo igiya a Gezawa. Malam Sule ya tara magidanta, shi da kansa ya riƙe bakin wadda ke ƙuguna. Ina nannaɗewa ruwa yana ture ni, na sha shi ba adadi, na ƙi fita. Da na kai tsakiya na ji karkarwar ta ragu, kafin la'asar ƙarfe ya yi tsit a hannuna. Muka matse tsagar da robar taya, walda ta jira rani. Famfon ƙauyen bai ɗauke ba.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba sa ƙin kayan aikinmu, so suke su kula da shi. Tun daga ranar, ko ƙusa na buga a gari, ba na hawa babur sai na zaunar da mai unguwa na gaya masa dalilinta.