Ranar da Ya Falmata Ta Zo Ɗaukar Sunan Ƙanenta

Shekara shida ke nan da Allah ya karɓi ran aminina Malam Bukar. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Duk shekara idan kogin Komadugu ya cika nakan rubuta ɗan abin da na tuna game da shi. Bana alƙalamin ya yi mini nauyi, domin abin da zan faɗa daga gidana ya fito.

Gaban malami ɗaya muka koyi ajami a nan Diffa. Ni na tsaya a tawada da takarda, shi kuwa da salula ta zo sai ya koyi boko da furfurarsa, ya buɗe shafi a intanet da sunansa a sama. Labaran kwarinmu yake sawa: ina ruwa ya kai, ko tsutsa ta shiga tattasai, wace hanya mota ke bi. Da tashin hankali ya watsa mutane, uwa tana Asaga, ɗa yana Sayam, a shafin nan ake jin ɗuriyar juna.

Yana da wata al'ada da muke yi masa dariya a kanta. Ba ya sakin labari sai ya karanta wa wata tsohuwa mai ƙosai a ƙofar gidansa layin sama, wato kan labarin, sannan ya ce, "Iya, me kika ji?" Idan ta faɗi abin da ba shi ya faru ba, sai ya goge ya sake. Na taɓa ce masa, "Bukar, duk wahalar nan a kan layi ɗaya? Ai wanda ya buɗe zai ga sauran."

Ya ce, "Isa, wa zai buɗe? Rezon waya a bakin kogi yau akwai, gobe babu. Layin sama kaɗai ke fitowa. Shi jika zai karanta wa kakarsa, da shi za ta wuni."

Saboda haka idan hatsari ne, masu rai yake fara ambata. "Kowa lafiya: mota ta kife a hanyar Boso." Haka yake rubutawa. Kalmar innalillahi kuwa bai taɓa sa ta ba sai da gawa.

Da ya rasu, ɗana Lawali, wanda ya daɗe tare da shi a aikin, ya ci gaba da shafin, sunan marigayin yana nan inda yake. Masu bi suka ƙaru, har a masallaci ana yi mini barka.

A cikar kogin bana kwalekwale ya kife da masunta kusa da Barwa. Kifi da raga suka tafi, amma kowa ya fita da ransa. Lawali ya rubuta a sama: "Innalillahi! Ku ga abin da ya faru da masunta a Barwa." Can ƙasa ya bayyana cewa an tsira.

Malam Bukar yana da yaya mace, Ya Falmata, tana zaune a Asaga tun gudun hijira. Ɗanta Modu ya koma Barwa yana sana'ar su. Jikanyarta ta karanta mata layin, sauran ya ƙi buɗewa. Suka kira Modu, wayarsa tana ƙarƙashin ruwa. Tsohuwa ta ce tunda shafin Bukar ya ce innalillahi, to an yi mutuwa. Maƙwabta suka shimfiɗa tabarmi, aka fara yi wa matar Modu gaisuwa. Sai bayan la'asar wani da ya dawo daga gari ya faɗa musu gaskiyar magana.

Washegari da hantsi ta yi sallama a gidana, jikanyar tana riƙe da hannunta. Aka kawo mata ruwa, ba ta taɓa ba. Ta ce, "Malam Isa, ba faɗa na zo yi ba. Sunan ƙanena na zo ɗauka."

Na aika aka kira Lawali. Ya durƙusa ya ce, "Iya, wallahi ban yi ƙarya ba. Yanzu in ba a sa irin haka ba, ba mai buɗewa. Kowa haka yake yi."

Ta ce, "Kowa da sunan Bukar yake yi? Ɗana, ka sa naka. Naka ban san shi ba, ba zai kashe mini kowa ba."

Lawali ya dube ni, yana jira in roƙa masa, domin ya san sunan nan ne ya tara masa jama'a. Ban iya ɗaga kai ba. Na ce, "Cire." Ya cire. Ta sa yarinyar ta karanta saman shafin sau biyu, ta tabbata babu Bukar, sannan ta sha ruwan.

Tun ranar nake tambayar kaina me Bukar zai ce da ya ga wayoyin yau, inda kowane layi ihu yake yi, ana ɓoye abin da ya faru don a ja mutum ciki. Ba na jin zai yi wa'azi, ba halinsa ba ne. Ina jin zai tambayi Lawali kawai, cikin muryar nan tasa mai sanyi, wa ya karanta wa kafin ya saki.

Bukar bai bar gida na kirki ba, gonar tattasansa kogi ya cinye gefenta, yanzu shafin ma ba nasa ba ne. Abin da ya rage shi ne wata tsohuwa da ta gaskata kalma ɗaya ba tare da bincike ba, shekara shida bayan mutuwarsa, don kawai tana ƙarƙashin sunansa. Wannan ya bari, kuma a gidana aka taɓa shi.

Juma'a mai zuwa za a yi masa addu'a a Asaga, Ya Falmata ta aiko in zo da Lawali. Za mu je in Allah ya yarda. Na san tabarmin da aka shimfiɗa wa Modu, su za a shimfiɗa mana.