Yadda Malam Birki Ya Koyi Zama Shiru

Kawuna mai koyar da tuƙi ne, shekara ashirin da biyu yana wannan aiki. Ɗalibansa Malam Birki suke ce masa, don ita ce kalmar da ta fi fita daga bakinsa, kuma da ƙarfi take fita. Duk lokacin da ɗalibi ya nufi kwalbati ko ya taka totur bisa kuskure, sai Kawu ya kwatsa ihu, sannan ya buɗe aljihun mota ya ciro biskit da lemon kwalba. Kafin la'asar ya gama da fakiti uku. Tumbi ya yi gaba, hawan jini ya kama shi, fitowa daga mota ma sai da nishi.

Ana nan sai wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya ta zo koyon tuƙi. Sista kowa yake kiranta. A rana ta uku ta kusa kwashe teburin mai kankana a bakin titi. Kawu ya yi ihunsa, ya miƙa hannu wajen biskit. Sista ta kashe mota, ta tambaye shi ko yunwa yake ji. Ya ce a'a.

"To, Malam, ba cikinka kake ciyarwa ba, tsoro kake ciyarwa," in ji ta.

Ta gindaya masa sharaɗi: daga gobe ba za ta murɗa makulli ba sai sun yi minti biyar a zaune, ido a rufe, hannu a cinya, kowa yana bin numfashinsa yadda yake shiga yake fita. In tunani ya gudu, a dawo da shi ba tare da faɗa ba. Ta ce da wannan ta yi shekara talatin a ɗakin gaggawa ba ta zauce ba.

Da dariya Kawu ya kawo mana labarin gida. Makon farko barci ya riƙa kwashe shi, har Sista ta ce minsharinsa ya fi salansar motar ƙara. Amma wata ranar Laraba ya shigo tsakar gida da sauri, ko takalmi bai cire ba, yana ɗaga fakitin biskit sama kamar ya ci kofi. Ba a buɗe shi ba. Ya ce wani ɗalibi ya hau kan dakalin mutane, shi kuwa ya ja numfashi uku, ya ji bugun ƙirjinsa ya sauka, hannunsa bai ko nufi aljihun mota ba.

Daga nan abin ya shige shi. Ya ƙara minti goma da safe a kan tabarma. Ya fara tauna abinci a hankali, yana jin inda ƙoshi ya tsaya, har matarsa ta yi fushi tana zaton girkinta ne ya lalace. Da jiki ya yi sauƙi, ya koma zuwa wurin aiki a ƙasa.

Bayan wata takwas ni na raka shi asibiti. Likita ya ɗora shi a sikeli, ya sauke shi, ya sake ɗora shi. Kilo goma sha ɗaya sun tafi. Ya auna jini, ya rage masa magani, ya ja masa kunne kada ya daina sha. Kawu ya fito yana gaisawa da mutanen da bai taɓa gani ba. Muka biya wajen tela da wanduna shida a rage musu ƙugu, telan ya rantse na wani ne ya ɗauko.

Yanzu duk ɗalibin da ya zo, da zaman nan ake fara darasi. Kwanaki wasu magina suka ga mota a gefen titi, mutum biyu a ciki ba motsi, suka ɗauka ta mutu ne. Sai da suka tura ta har bakin kwana kafin Kawu ya buɗe ido. Ya leƙo ta taga, ya yi musu godiya, ya ce saura minti ɗaya.