Hajiya Ta Rantse Wa Ɗan Sanda Ba Na Shan Giya

Edita, ina gaishe ku da masu karatu. Ku sakaya sunana don Allah, labarin kawai nake so ya isa ga wanda zai amfana.

A lokacin ina 'yar shekara ashirin da bakwai, na baro Tahoua na zo Lyon karatu, na gama, na samu aiki a wani ɗakin bincike a Bron. Ina zaune a Minguettes, a gidan wata dattijuwa aminiyar mahaifiyata, wadda kowa ke kira Hajiya. Ita ta tarbe ni ranar da na sauka ƙasar nan, ta ba ni ɗaki, ta ba ni bargonta, kuma ba ta taɓa kirana da komai ba sai "ɗiyata". Da na ci jarrabawar tuƙi na samu permi, wato lasisin tuƙi, wallahi ta fi ni murna. Har wainar shinkafa ta soya ta raba wa maƙwabta, tana faɗa musu yanzu ta huta da hawan metiro da kayan cefane.

Abin da ba ta sani ba shi ne na fara kurɓar giya a wurin aiki. Ba wanda ya tilasta mini, kada in ɗora wa kowa. A nan in wani ya gama digirinsa ko zai bar aiki, sai a haɗa 'yar walima da rana, a zuba wa kowa shampan. Shekara biyu ina riƙe da kofin lemo ina amsa tambayoyi, har na gaji da zama baƙuwa a cikin mutanen da nake wuni da su. Rannan na karɓa, daga nan kuma na ci gaba. Nakan wanke baki, in tauna cingam, in hau taram, jirgin cikin gari, in koma gida kamar ban yi komai ba.

Wata Juma'a aka yi irin wannan walima da azahar, na sha kofi uku ko huɗu cikina babu abinci. Da mota na zo, amma niyyata in bar ta a can. Wajen la'asar sai ga wayar Hajiya. Ɗiyarta da ke Paris ta haihu, gobe da safe suna, kuma maƙwabcin da ya yi alkawarin kai ta tashar jirgin ƙasa an riƙe shi a wurin aiki. Ga ta da jakunkuna uku, har da dambun nama da yajin jego. Ta ce in yi maza in zo. Abokan aikina Turawa in sun sha, da bakinsu suke cewa yau ba za su tuƙa ba, ba wanda ya ɗaga kai. Ni kuwa da wane baki zan ce wa Hajiya na sha giya? Ko ƙaryar mota ta lalace ban iya yi ba, don kunya ta toshe mini tunani. Na ce mata ga ni nan.

Mun ɗauki hanya tana ta sa mini albarka, ni kuma na buɗe gilashi don kada ta ji wari. A wani shataletale 'yan sanda suka tsayar da mu, binciken yau da kullum ne, ban bugi kowa ba. Da ɗan sandan ya miƙo abin busawa na auna giya, Hajiya ta gane nufinsa, ranta ya ɓaci. Ta leƙo da ɗan Faransancinta na kasuwa tana ce masa wannan ɗiyarta ce, musulma ce, ba ta taɓa shan giya ba, ta rantse da Allah. Ta juyo ta ce mini, "Busa musu, ɗiyata, su ji kunya mu wuce." Na busa. Har yau in na tuna yadda ta dubi fuskar ɗan sandan, sannan ta dubi tawa, sai hawaye su zo mini.

Nan take suka karɓe permi, suka hana motar motsi, suka tafi da ni ofishinsu aka sake aunawa da babbar na'ura. Abin ya wuce ƙaramin laifin da ake biyan tara a tafi, ya kai na zuwa kotu. Na bar Hajiya a bakin titi da jakunkunanta. Wani maƙwabcinmu ɗan Chadi ne ya zo ya kwashe ta. Jirgi ya tafi, sai na safe ta samu, ta isa Paris an riga an raɗa wa jikanta suna.

Mako biyu ta yi a can. Da ta dawo ba ta kore ni ba, ba ta zage ni ba, abincina ma tana ajiye mini a rufe. Sai dai "ɗiyata" ta ɓace daga bakinta, sai "ke". Wallahi na gwammace duka. Kullum ina jiran wayar mahaifiyata daga Tahoua, ina zaton Hajiya ta faɗa mata, wayar ba ta zo ba.

Bayan 'yan watanni takardar kotu ta iso. Lauyata ta ce a doka laifin zai iya kai mutum kurkuku har shekara biyu, amma da yake na farko ne kuma ban ji wa kowa ciwo ba, in na amsa laifina za a sassauta. Ban faɗa wa Hajiya ranar ba, ashe ta kai wa ɗan Chadin nan ambulan ɗin ya karanta mata. Da safe na fito na same ta zaune da mayafinta da jakarta. Muka hau taram muka nufi kotu. Na fara ganin mai gabatar da ƙara, na amsa, sannan aka shigar da mu gaban alƙali, wata mace mai sanyin murya. Ta tabbatar da hukuncin: tara, dakatar da tuƙi wata shida, kwas na kwana biyu kan haɗarin hanya da kuɗina, kuma sunana ya shiga kundin masu laifi. Ta tambaye ni ko akwai wani a motar ranar. Na ce akwai, uwata ce, ga ta can a baya. Daga baya wata takarda ta zo: da yake permi ɗina sabo ne, maki shida kaɗai ke kansa, laifin kuma ya cinye shidan, don haka an soke shi. Sai da na ga likita, na sake jarrabawa tun daga farko.

A kan benci a wajen kotu Hajiya ta yi magana. Ta ce giyar tsakanina da Ubangijina ce, in tuba, kuma ba ita za ta kai wa mahaifiyata labarin ba. Sannan ta ce, "Abin da ya ƙona mini rai, kin sa ni a mota kin yi shiru. Da kin faɗa mini, da na yi fushi na kwana biyu na hau taksi. Har kin fi tsoron bakina da mutuwata, ɗiyata?" Na kifa kaina a cinyarta na yi kuka kamar yarinya, mutane na wucewa, tana shafa mini baya.

Tun ranar ban sake taɓa giya ba, Allah Ya yafe mini. Hajiya ta rasu shekaru kaɗan bayan haka, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ba. Na rubuto ne saboda na san muna da yawa a ƙasashen nan masu sha a ɓoye, maza da mata. Ku bari, shi ne ya fi. Amma in har kun riga kun sha kuma wani babba ya kira ku ku kai shi wani wuri, ku buɗe baki ku ce ba za ku iya ba, ko da zai gane dalili. Na shanye hukuncin alƙali cikin shekara guda. Abin da ban shanye ba shi ne na sa tsohuwar da ta riƙe ni amana ta rantse da Allah a kan ƙaryata.