Jemage a Ƙarƙashin Bene

Jemage suke ce masa a jami'a, kuma ba don ƙauna suka laƙaba masa ba. Wani ɗan ajinsu ne ya fara, ranar da aka gane yaron nan da safe yana sashen nazarin tsirrai, da rana kuma ya tsallaka sashen kwamfuta. Ya ce masa, "To kai tsuntsu ne ko ɓera?" Aka kwashe da dariya, suna ya bi shi. Shi kuwa, Allah ya jiƙansa, in an kira sai ya amsa da ɗan murmushinsa na gefen baki.

Mahaifinsa mai dashe ne. Yana da ɗan fili a bakin titi inda yake jera baƙaƙen ledoji cike da ƙasa, lemo da gwaiba da furanni. Ciwon sikila ya hana Jemage ɗaukar jarkar ruwa kamar yayansa, don haka aikinsa tun yana ƙarami shi ne zama a inuwa yana juya ganye yana duba bayansa. Wata shekara cuta ta shiga lemon, kafin tsohon ya gane ta cinye rabin fili. Tun daga nan yaron ya sa wa ransa abu ɗaya: ya haɗa manhajar da mai dashe zai nuna wa ganye da wayarsa, ta gaya masa abin da ke damun shukar tun da wuri.

Jami'a ta yarda ɗalibi ya riƙe tsirrai a matsayin babban fanni, ya haɗa da kwamfuta a matsayin ƙarami. Dokar ce ta yarda, mutane ba su yarda ba. Tun daga gida aka fara. Yayansa bakanike ne, mai zafin kai da faɗar magana yadda ta zo.

"Masu lafiya ma ɗaya suke ɗauka su fito," in ji shi. "Kai da jiki kamar sillen kara ka rungumi biyu. In ka faɗi wa zai kwashe ka? Ni?"

"Kai mana, Yaya. Ai ka saba."

"Zan ci ƙaniyarka."

A makaranta abin ya fi haka. 'Yan kwamfuta in ya shigo sai su toshe hanci, wai taki ya zo. 'Yan tsirrai kuma suka ce ya raina su, shi ya sa yake neman wata sana'ar. Da ya fara aikin kammala karatu, dole ya ɗauki hoton ganyaye masu cuta da masu lafiya, tuli guda, ya ciyar da na'ura har ta koyi bambancewa. Ranar da ya shiga ɗakin kwamfuta da dashe biyu a hannu, mai kula da ɗakin ya taso masa kamar ya ga wuta.

"Fita! Nan gona ce? Ƙasa ɗaya ta shiga injin nan, ubanka zai biya?"

Ya koma ɗakin rainon shuka, can ma aka ce ba wurin latse-latse ba ne. Sai ya tare a ƙarƙashin benen da ke tsakanin sassan biyu, inda akwai soket ɗaya da masu shara suka manta da shi. Abokinsa na ƙuruciya, mai shagon fotokwafi a bakin ƙofar makaranta, shi ke ɗauko masa ledojin a baro daga wurin tsohon. Nan yake wuni, kwamfuta a cinya, ganye a tafin hannu, yana yi wa na'urar magana kamar ƙanwarsa. "A'a, 'yar nan, wannan ƙishirwa ce ba cuta ba. Sake dubawa."

Ta kuwa koya. Ba duka take ganewa ba, amma ta kan ci fiye da yadda take faɗuwa. Saura kawai ya kare aikin a gaban malamansa biyu, a zama ɗaya, kamar yadda ƙa'idar masu fanni biyu ta ce. Ba wannan zaman, ba shaidar kammalawa.

A nan gizo ya yi saƙa. Farfesan tsirrai da Daktan kwamfuta ba sa ga maciji. Ɗakin da ake kira ɗakin kwamfuta a yau, da can ma'ajiyar busassun ganyayen Farfesa ne, aka kwashe su aka zuba a kwali yana hutu. Ya rantse ba zai sake taka ɗakin ba. Dakta kuma ya ce shi ba yaron kowa ba ne da zai bi wani ofishinsa.

Jemage ya yi ta safa da marwa. Farfesa ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Ka je ka gaya wa mai gidan naka, in yana da ƙafa ya zo." Dakta ya ce, "Ka ce wa tsohon nan ni ba na shiga kantin magani." Bai taɓa kai saƙon yadda aka ba shi ba. Kullum sai ya wanke shi, ya ce Malam yana gaisuwa, yana tambaya ko wace rana ta yi. 'Yan ajinsu suka kare nasu, suka ɗinka rigunan bikin kammalawa, shi yana nan.

Kowanne cikin malaman biyu ya ja shi gefe ya nuna masa hanya mai sauƙi. Farfesa ya ce ya cire shirmen na'urar, ya rubuta bayanin cututtukan kawai, gobe ya sallame shi. Dakta ya ce ya zubar da ciyayin, ya gwada manhajar a kan hotunan lambar mota. Ya dawo ƙarƙashin bene idonsa ja, ya ce wa mai fotokwafi, "In na raba ta, me zan kai wa Baba? Rabin wuƙa?"

Daga ƙarshe shi ya samo dabara. Ƙarƙashin bene ba na kowa ba ne. Ya ari kujeru biyu da tebur, ya share wurin, ya jera dashensa. Ya gaya wa kowane malami cewa ɗayan ne ya sauko. Suka zo. A ranar sanyi ya riga ya shiga ƙashinsa, yana tsaye yana dafe da tebur, amma ya fara bayani muryarsa tar. Bai kai ga nuna ganyen farko ba Farfesa ya tambayi sunan wa zai zo a sama a bangon aikin.

"Nawa mana," in ji Dakta. "Manhaja ce."

"Manhajar banza, in ba ganye me za ta gani? Ɓarayin ɗaki kawai!"

"Wa kake kira ɓarawo?"

Jemage yana cewa, "Malam, ku duba, ga shi ta gane," allon yana nuna sunan cutar daidai, ba wanda ya juyo. Farfesa ya ture kujera ya yi gabas, Dakta ya yi yamma. Aka ce sai zango mai zuwa.

Bai ga zangon ba. Ciwon ya kwantar da shi a makon, wannan karon bai sake shi ba. Yayan nan mai faɗa shi ya goya shi zuwa mota, shi ya riƙe masa hannu a asibiti har ya cika.

Ranar zaman makoki sai ga malaman biyu, kowa da motarsa. Tsohon ya shimfiɗa musu tabarma, bai san su ba. Bayan addu'a Dakta ya yi gyaran murya ya ce sashensu na so ya karrama marigayin, in za a ba su kwamfutarsa. Farfesa ya tare shi, ya ce ai ɗalibinsu ne, aikin nasu ne.

Yayan ya miƙe tsaye.

"Ku ne malaman? Yana da rai kun kasa ba shi awa guda. Yanzu kun zo rabon gado? Ku tashi."

Tsohon ya ce, "Haba, baƙi ne."

"Baba, ka bar ni. Ku tashi na ce, kafin in manta da furfura!"

Suka lallaɓa suka nemi takalmansu.

Shaidar kammalawa ba ta fito ba, a wurin jami'a bai gama ba. Kwamfutar tana hannun mai fotokwafi. Ya iya kunna ta, bai iya sa manhajar a waya ba, kuma ya ƙi kai wa kowa. Wani lokaci tsohon kan aiko masa da ganye a leda, shi kuma ya nuna wa allon, ya kira tsohon ya faɗa masa abin da ta ce. In ta yi kuskure, babu mai gyara mata.