Ma'ajiyar Ƙanƙara ta Bakin Tasha

Ranar wata Alhamis ce, a shekarar da na shiga aji uku, ana saura mako biyu jiragen ruwan alhazai su fara isowa Jidda. Umma ta ƙulle abincin Baba a ƙyalle, na ɗauka tun daga unguwarmu Ammariyya har bakin tasha, inda yake aikin dakon ƙanƙara yana kai wa masunta. A lokacin babu mai firji a layinmu, ruwan sha ma jaki ke kawo mana mu juye a randa. Ban taɓa shiga ma'ajiyar ƙanƙarar ba sai ran nan. Baba ya ja ƙofa, wani farin tururi mai sanyi ya fito ya lulluɓe mini ƙafafu, na hango tubalan ƙanƙara jere har rufi, an barbaɗa musu garin katako. Ina taka daɓen sai santsi ya kwashe ni. Ban faɗi ba. Tafiya kawai na yi ban ɗaga ƙafa ba, kamar a mafarki, har sai da na dafa bangon ƙurya.

Abokin aikinsa Ammi Usman, wani Bahaushen Sudan da ya daɗe yana aiki a jirgin ruwa, ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Ya walad, kai yaro," in ji shi, "akwai ƙasar da kogi sukutum ke daskarewa haka. Mutanenta wuƙa suke ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi, su riƙe sanda suna korar wani baƙin faifai." Baba ya ce, "Halas, ya isa haka, Usman, kada ka cika wa yaro kai."

Amma kan ya riga ya cika. Na koya wa yaran lungunmu wasan da ni ma ban taɓa gani ba. Muka sassaƙe reshen dabino ya zama sanda, murfin gwangwani ya zama faifai, muka riƙa malale ƙofar gida da ruwan wankin Umma don ta yi santsi. In Baba ya fita kai kaya kuwa, sai mu sulale mu shiga ma'ajiyar. A can na karye a ƙafar hagu ina shekara goma sha biyu. Mai wurin ya ce Baba ya tattara nasa ya tafi, sai da Ammi Usman ya yini yana ba shi haƙuri. Baba bai dake ni ba. Ya goya ni har gida, rigarsa jiƙe da ruwan sanyi.

Wata uku na yi zaune a kan dakali, ƙafa a ɗaure. Tunda ba na iya gudu, sai na koma kallo. Na gane wanda ke tsoron karo, da wanda ba ya ba kowa, da wanda in an yaba masa sau ɗaya zai yi wasan mutum biyu. Ina faɗa, suna bi. Da karatu ya kai ni wata ƙasa mai sanyi bayan shekaru, na fara da wasa wuƙaƙen takalman 'yan ƙwallon gora ta kan ƙanƙara a kwalejinmu, na koyi tsayuwa a kan filin ina ɗan ashirin da biyu, yara suna yi mini dariya. Na zama mataimaki, daga baya aka miƙa mini ƙungiyar. Ban taɓa zama gwanin wasa ba, idon dakali ne ya ciyar da ni.

Bara na je Ammariyya. Lungun ya yi tsit da rana, kowa na ɗaki cikin sanyin na'ura, ban ga yaro ko ɗaya a waje ba. Na tsaya ina jiran a kira ni da sunan da aka san ni da shi a layin. Masu kiran duk sun riga ni tafiya.