Ranar da Yaya Asabe Ta Kai "Ja Ka Gani" Baje Koli

Duk wanda ya san Yaya Asabe ya san ba ta amsa gaisuwar mace sai ta juya bakin rigarta ta duba ɗinkin. Kina "Ina kwana, Hajiya?" hannunta na cikin kalmasarki. Ta taɓa yi wa uwar ango haka a tsakiyar biki, ta ce mata, "Telan da ya yi maki wanga, ki yafe mashi, amma kada ki koma."

Ni ne ƙaninta Garba, mai hatsi a kasuwar Kaura, kuma ni na fi kowa shan wuya a hannunta.

Da ta ce za ta riƙa manna tambari a wuyan tufafin da shagonta ke ɗinkawa, mai buga takardu ya ba ta shawarar ta sa suna na Turanci, wai ya fi jan mutane. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Turawa za su saka ko mutanen ƙauyen Banga? Rubuta Ja Ka Gani."

"Hajiya, ai wannan ba suna ba ne, neman faɗa ne."

"To, ka gane ke nan. Rubuta!"

Shekarar da aka shirya baje kolin kayan sawa a nan Kaura, ita ce fitarta ta farko. Manyan masu kaya daga Kano da Kaduna aka ba rumfunan gaba. Ita kuwa aka jefa ta can ƙarshen fili, kusa da janareta. Na ce mu haƙura mu koma gida. Ta ce, "Koma ina? A garin ubana?"

Mutanen Kano sun zo da mutum-mutumi na roba sun sa masu shadda. Yaya ta ce ba ta sayen abin da ba ya cin tuwo kuma ba ya gaisuwa. Sai ta juyo ta kalle ni. Wallahi na san na shiga uku. Ni da furfurata da tumbina, aka zura min kaftani ruwan toka, aka kafa min hula, aka ce in tsaya ƙyam. Wata baiwar Allah ta zo tana shafa hannun rigar tana cewa, "Kai, har da gemu suka yi masa!" Sai atishawa ta ƙwace min. Matar ta ƙwala salati, ta zubar da jaka ta yanka a guje. Yaya ko a jikinta. Ta ɗaga murya ta ce, "Dawo, Hajiya! Na Kano ba su iya hakan!"

Duk da haka har azahar mutane ba sa ƙarasowa wurinmu, ga ƙarar janareta. Sai ta ɗauki wando guda, ta tafi tsakiyar fili, ta tare wasu ƙarta biyu masu sayar da shanu daga Shinkafi. Ta ba kowa ƙafa guda.

"Ku ja! In ya ɓarke, in naɗe kayana in bar filin ga."

Suka ja, suka yi nishi, jama'a ta taru ana ihu. Ɗaya ya zame ya zauna daɓas a ƙasa, wando na nan yadda yake. Yaya ta juya wajen rumfunan gaba ta ce, "Akwai mai kawo nashi?" Babu wanda ya motsa. Kafin la'asar, ban sake samun wurin tsayawa a rumfarmu ba.

Nan ne wani babban dillali ya iso, turare na tashi. Ya ce zai kwashe kayan gaba ɗaya, kuma duk wata zai dawo. Sharaɗi guda: a cire tambarin, a manna na ƙasar waje. Na taka ƙafar Yaya, don na san a lokacin shagon da ƙyar yake tsaye.

Ta zaro riga guda, ta ɗaga tambarin. A bayansa akwai suna da zare: Hassi. Ta ɗaga wata: Luba. Matan da ke mata ɗinki ne, waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Zurmi.

"Alhaji, an raba su da gona, an raba su da gida. Sunan ma in cire in ba ka? Garba, ɗauke ƙafarka daga tawa, raka shi."

Na raka shi kuwa, cikin kaftanin talla.

Bara Allah Ya karɓi abinSa, Yaya ta rasu bayan jinyar kwana uku. Ranar addu'a Hassi ta ce min, "Malam Garba, ba ta taɓa kallonmu da tausayi ba. Faɗa kawai take mana, kamar 'yan ɗakinsu." Ta yi dariya, sai hawaye.

Allah Ya jiƙan Yaya Asabe, Ya yafe mata zafin bakinta, Ya suturta ta kamar yadda ta suturta bayinSa. Amin.