Karan da Yohanna ya hana ni sarewa

Shekara ashirin da bakwai ke nan da muka binne ƙanena Yohanna, kuma har yau in na ga rasberi a kanti sai raina ya ɓaci. Ina ƙaunarsa, Allah shi ne shaida. Amma ina jin kishinsa, mutuwa ma ba ta raba ni da wannan ba.

Ni na kawo shi New York a ƙarshen shekarun tamanin. Ina tuƙin tasi, shi kuma yana aikin goge-goge a asibiti. A unguwarmu Tremont akwai wani kango da mutanen unguwa suka share suka mayar lambu, muka sami 'yar kadada kowa tasa, gefe da gefe. Wata tsohuwa 'yar Poland ta ba mu dashen sitiroberi da na rasberi, irin masu jure sanyi. Rasberi ɗin nan kara ne mai ƙaya, 'ya'yansa ja, ga zaƙi ga ɗan tsami.

Ni fa manomi ne tun a garinmu Pankshin. Ni na koya wa Yohanna riƙe fartanya. A wurinmu in kaka ta wuce, ana sare kara a share gona tas, wanda ya bar tasa da datti malalaci ne. Haka na yi. Shi kuwa ya bar karansa tsaye, ya lulluɓe sitiroberi da busasshiyar ciyawa, gona kamar bola.

"Yaya, bar karan nan," in ji shi. "Na bana shi ke haihuwa baɗi."

Na ce masa ba a Amurka zai fara koya mini noma ba. Dusar ƙanƙara ta sauko ta tafi. Da zafi ya shigo, nasa ya yi ja wur, nawa ganye kawai. Shekara ta zagayo na sake sarewa, don ban ga dalilin da zan bi maganar yaron da na goya ba.

Ba 'ya'yan itacen ne suka dame ni ba. 'Yata Rifkatu ce, ita kaɗai Allah ya ba ni. Kowace Asabar in mun shiga lambu sai ta saki hannuna ta ruga wajensa. Ni tana amsa mini da Turanci, shi kuwa da Hausa take masa hira, bakinta jajir. Da tana ce masa Baba Ƙarami, sannu a hankali ta yar da Ƙaramin. Ni na zama Dadi. Ni ke kwana a kan sitiyari don ta yi karatu, shi ya saye ta da kofi ɗaya na rasberi.

Da zai dawo yau, da bai gane Tremont ba. An gina bene a kan lambun. Na san dai abin da zai fara tambaya, wato ina karansa. To, yana nan. Satin da aka yi jana'iza Rifkatu ta haƙe saiwar ta zuba a bokiti, ta yi ta yawo da ita gida-gida har ta yi aure ta sami fili a bayan gari. Yanzu ya cika mata katanga.

Abin da ya rage na Yohanna ke nan. Bai mallaki gida ba, bai bar ɗa ba, amma ya fi ni magaji.

A kakar bara na je wurinta. Na ɗauki almakashi in taya ta gyaran karan, ta karɓe a hankali ta ce, "Dadi, zauna ka huta." Na zauna. Ɗanta ya tambaye ta wa ya koya mata wannan aiki. Ta ce, "Babana." Na gyara zama ina jira ta juyo ta dube ni. Ba ta juyo ba, tana can tana ɗaure kara.